HUTU KAƊAI BA YA RIƘE JIKIN TSOHUWA

A ƙasar Tasawa da Mayahi, idan mace ta yi suruka takan ajiye taɓarya da guga, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Wannan girmamawa ce. Ga kuma injin niƙa da famfo sun rage wa mata wahala. Amma zaman da ya yi yawa yana da illa.

Masana sun tabbatar cewa daga shekara 30 tsokar jiki tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari kowace shekara goma. Idan kuma haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, ƙashin mace yakan yi rauni, kitse ya taru a ciki. Sai ma'auni ya nuna kilonta bai canza ba, alhali nama ya tafi, kitse ya maye gurbinsa. Daga nan tashi ya yi wuya, 'yar faɗuwa kaɗan ta karya ƙashin ƙugu.

Abin yana gyaruwa. A wani bincike da aka wallafa a 1990, a Boston ta Amurka, likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma, maza da mata, masu wajen shekara 90, ɗaga nauyi da ƙafa har mako takwas. Ƙarfinsu ya kusa ninkawa uku, naman cinya ya ƙaru da kashi 9 cikin ɗari.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai shekara 65 zuwa sama ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Iyayenmu ba su bukatar filin wasa. Tafiya kasuwa a ƙasa, kewaya gamana, ɗan daka, shara, tashi da zama sau goma daga kujera, duk motsi ne. Sai a haɗa da wake, nono da ƙuli-ƙuli, domin tsoka ba ta ginuwa da yunwa. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji ta fara zuwa gidan likita.

Ku 'ya'ya da surukai, ku ɗauke wa Inna aiki mai nauyi, ku bar mata mai sauƙi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.