Wa Ke Riƙe da Makullin Imel ɗin Shagonka?

Duk wanda ya bi ta unguwar Briqueterie bayan sallar isha'i, lokacin da hayaƙin masu tsire ya turnuƙe titi, zai ga yadda masu shagunan atamfa da shadda ke tashi. Kwaɗo biyu, wani ma uku, a datse, a girgiza a tabbatar ya kama, sannan maigida ya zura makullai a aljihu. Ba ya ba kowa. Amma tambayi Alhajin nan wa ke riƙe da kalmar sirrin imel ɗin da ake aiko masa takardun kaya daga Dubai da Guangzhou, sai ya waiwaya ya ce, "Kai, kira min yaron nan."

Na ga abin da hakan ke jawowa a shagon wani kawuna a nan unguwar Ekoudou. Shekara da shekaru imel ɗin shagon yana hannun yaronsa, domin shi ya buɗe shi, da sunansa da lambar wayarsa. Suka saɓa kan lissafi, yaro ya tattara ya koma Garwa da layinsa. Ba a yi sati biyu ba kaya suka iso tashar jiragen ruwa ta Duwala, mai fitar da kaya yana neman takardun da aka turo ta imel, akwatin imel kuwa ya ƙi buɗuwa. Muka danna inda ake cewa an manta kalmar sirri, allon waya ya nuna an tura lamba zuwa wani layi, ya bayyana lambobi biyu na ƙarshe. Kawu ya ƙura musu ido ya yi shiru. Na ce, "Kawu, sai dai a kira shi fa." Ya ce, "Ni zan kira shi?" Shi ɗin ya kira, bayan kwana huɗu, kuɗin ajiya na ta hawa a tasha. Allah ya sa yaron ɗan halak ne, ya karanto lambar. Da ya ga dama, da ya rubuta wa dillalan kawu da sunan kawu, ba wanda zai gane.

Manyan kamfanoni sun daɗe da shan wannan wahala, shi ya sa suka koma ga abin da ake kira manhajar kula da shaidar ma'aikata. Daga cikinsu akwai Microsoft Entra ID, wadda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, da Okta, da kuma sashen gudanarwa na Google Workspace. Kada sunayen su tsorata ka, aikinsu aikin mai gadin ƙofa ne da littafinsa. Kamfani ne ke mallakar adireshin, ba ma'aikaci ba. Kowane ma'aikaci da akwatinsa da kalmar sirrinsa, ba a karo-karo a kalma ɗaya. Akwatin da jama'a ke rubuto wa, kamar na ciniki ko na kuɗi, ana buɗe wa mutum biyu ko uku ƙofarsa, kowa ya shiga da shaidar kansa, ta yadda in an aika saƙo za a san hannun wa ya fito. Mai karɓar oda ba shi da hurumi a akwatin akanta. Ranar da mutum ya bar aiki kuwa, wuri ɗaya ake dannawa, ƙofofinsa su rufe, wasiƙunsa su zauna a gidan da suka zo dominsa.

Wannan rufewar ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A watan Mayun 2021 'yan kutse suka tsayar da Colonial Pipeline, bututun da ke kai mai daga Texas zuwa gabashin Amurka, har aka yi kwanaki ana layi a gidajen mai. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tak ke tsare da shi. Kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Unatrac, kamfanin da ke Ingila mai sayar da injinan Caterpillar. A watan Afrilun 2018 aka aika wa babban jami'in kuɗinsu saƙo mai ɗauke da shafin bogi, kamarsa ɗaya da shafin shiga imel na Microsoft. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Daga nan ɓarayi suka zauna cikin akwatinsa suna ba ma'aikatansa umarnin biyan kuɗi da sunansa, suka kuma saita akwatin yadda amsoshin ba za su faɗo a idonsa ba. Kusan dala miliyan 11 ta salwanta. Ɗan Najeriya Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes Africa ta taɓa sa wa cikin matasa masu tashe, shi aka kama, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a 2021. Abin lura, ba banki aka fasa ba. Ma'aikata da hannunsu suka tura kuɗin, saboda saƙon daga akwatin maigida ya fito.

Mu a Kamaru muna da ƙarin tarko. Adireshin ƙasarmu yana ƙarewa da .cm, harafi ɗaya ne tsakaninsa da .com, kuma mazambata sun ci kasuwar wannan kuskure sosai, har kamfanin McAfee ya sa .cm a kan gaba wajen haɗari a rahotonsa na 2009. Ba mu kaɗai ba ne ma: a 2023 aka bankaɗo cewa shekaru ana ta aika wasiƙun sojojin Amurka zuwa adireshin Mali, don an rubuta .ml maimakon .mil. Saboda haka duk saƙon da ya ce dillalinka ya canja asusun banki, ka karanta adireshin harafi-harafi, sannan ka kira shi a tsohuwar lambar da ka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Doka tana nan. Mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010 ta tanadi hukunci kan kutse da zamba ta intanet, kuma hukumar ANTIC, mai kula da .cm, tana karɓar koke. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta Disamban 2024, wadda ya kamata masu shirya tafiyar Hajji da Umara su karanta da kyau, domin akwatunansu cike suke da hotunan fasfo na bayin Allah. Sai dai ni a ganina, doka na iya kama ɓarawo, amma da wuya ta dawo da kuɗin da suka riga suka tsallaka ƙasa uku.

Na san za a ce waɗannan manhajoji na masu ofis ne, ana biyansu wata-wata kan kowane ma'aikaci. Gaskiya ne, kuma shagon mutum biyu ba lallai ya buƙace su ba. Amma duk wanda ke da ma'aikata biyar zuwa sama, ko makaranta, ko asibiti, ko kamfanin tafiye-tafiye, kuɗin bai kai asarar dila ɗaya ta shadda ba. Wanda bai kai nan ba, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Lambar da ake dawo da akwati da ita ta zama ta maigida, layin da aka yi rajista da katin shaidarsa. A kunna tantancewa mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ta zo waya, kuma wannan lamba ba a karanta wa kowa ita, kamar dai lambar sirrin Orange Money ko MoMo. A leƙa saitunan akwati a ga ko akwai adireshin da ake tura wa kwafin saƙonni a ɓoye, a duba jerin wayoyin da ke shiga, a fitar da wadda ba a sani ba. Ranar da yaro zai bar shago, ko da lafiya lau aka rabu, a canja kalmar sirri a sa'ar da ya miƙa makullin kwaɗo.

Da muka leƙa na kawu bayan ya dawo hannunmu, wayoyi huɗu muka tarar a jerin. Biyu mun san masu su. Ɗaya ta wani tela ce da ya taɓa aron akwatin ya karɓi hoton ɗinki. Ta huɗun har yau kawu bai tuna ko ta wa ce ba.