Baiwar Da Ta Kai Ƙasarta Ƙara

Mai karatu, a ce an miƙa maka takarda mai sa hannun mai gari, an rubuta a ciki cewa daga yau kai ɗa ne, ba bawan kowa ba. Ka ƙulle 'yan tsummokaranka ka nufi ƙofa, sai wanda ya ba ka takardar ya tare hanya ya ce ba inda za ka. Me za ka yi? Abin da ya sami Hadizatu Mani ke nan a watan Agusta na 2005, a yankin Birnin Ƙonni da ke jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar.

Tana da shekara 12 aka sayar da ita, a 1996. Kuɗinta jika 240 na sefa. Laifinta ɗaya: uwarta baiwa ce. Wanda ya saye ta wani Alhaji ne mai shekara 46, da matansa huɗu a gida. Ita ta shigo ne a matsayin wahaya, wato sa-ɗaka: ba sadaki, ba waliyyi, ba shaidu, ba ɗaurin aure. Da rana daka da ɗiban ruwa da aikin gona, da dare ɗakin maigida, in ta yi gardama ta sha duka. Ko shekara 13 ba ta cika ba ya far mata da ƙarfi. Haka ta kwashe shekara tara, har ta haifa masa 'ya'ya. To me ya sa rana tsaka ya 'yanta ta?

A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara 30. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta tana bin ƙauyuka tana sanar da mutane. Alhaji ya ga ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, sai ya sauya dabara: ai yanzu ba baiwarsa ba ce, matarsa ce. Hadizatu ta nemi izinin zuwa duba mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Tun da ta sa ƙafa ta fita, ba ta sake komawa ba.

A farkon 2006 ta shigar da ƙara a Ƙonni. Kotun farko ta duba ta ce babu aure a nan, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Alhaji ya ɗaukaka ƙara. Babbar kotun Ƙonni ta rushe wancan hukunci, ta kafa hujja da cewa ya halatta ɗa ya auri baiwa idan ba shi da halin auren 'ya, yana kuma tsoron faɗawa zina. Mutum mai mata huɗu fa! Wannan wuri yana ci mini rai ƙwarai. Alƙali ya ji kalmar baiwa da kunnensa, ya rubuta ta da alƙalaminsa, a ƙasar da ta haramta bauta shekara uku kafin nan, bai ga abin tuhuma ba. Kotun Ƙoli a Yamai ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar, amma kan kuskuren tsarin shari'a, ta mayar da maganar Ƙonni. Batun bauta kuwa ba ta taɓa shi ba.

Ana cikin wannan kai-komo Hadizatu ta auri wanda ranta yake so. Kana tsammanin an kai ƙarshe?

Alhaji ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayun 2007 kotu ta yanke wa Hadizatu da mijinta da ɗan'uwanta ɗaurin wata shida da tarar jika 50 kowannensu. Wadda aka saya tana yarinya ta shiga gidan kaso, wanda ya saye ta yana kwance a gidansa. Sai da ta yi wata biyu a ciki kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. Mai karatu, da kai ne, ba karatun boko, ba dukiya, ba wani babba a bayanka, ka kuma ɗanɗani kurkuku, za ka sake tunkarar alƙali? Da yawanmu cewa za mu yi mun bar wa Allah.

Ita ba ta janye ba. Da taimakon Timidria da ƙungiyoyin Anti-Slavery International da Interights, ta nufi Kotun ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, mai mazauni a Abuja. Tun 2005 aka ba kowane ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kai gwamnatinsa ƙara can kan tauye haƙƙin ɗan Adam, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Wannan karon ba Alhaji ta yi ƙara ba. Ƙasar Nijar ta kai, sukutum.

Da yake ba ta da halin kwasar shaidu zuwa Abuja, alƙalan ne suka taso suka zo Yamai, suka zauna a watan Afrilun 2008. Ka hango zauren: lauyoyin gwamnati a gefe, manyan ƙasa da 'yan jarida sun cika kujeru, ga 'yar ƙauye mai shekara 24 tana zayyana abin da aka yi mata tun tana ƙarama. Gwamnati ta ce ba a gama shari'a a gida ba, kuma ai an riga an 'yanta ta. Kotu ta yi watsi da wannan.

Ranar 27 ga Oktoba, 2008, hukunci ya fito. Kotu ta ce an bautar da Hadizatu, kuma hukumomin Nijar, musamman alƙalanta, sun ga bauta ƙuru-ƙuru ba su kare ta ba. Ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ba duk abin da ta nema ta samu ba, don kotu ba ta ɗora wa gwamnati laifin wariya ba, ba ta kuma ce ɗaurin da aka yi mata ya saɓa ƙa'ida ba. Amma gwamnatin Mamadou Tandja, wadda ta daɗe tana cewa ana zuzuta maganar bauta a ƙasar, ta amince da hukuncin, ta kuma biya. A 2009 Amurka ta ba Hadizatu lambar yabo ta mata masu jaruntaka. A 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni, garin da aka ɗaure ta, ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara huɗu saboda ajiye wahaya.

Har yau al'adar ba ta mutu ba a wannan yanki. Kuma a ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Mai karatu, yarinyar da aka sayar bana, idan alƙalin garinsu ya juya mata baya, wace kotu za ta je?