Turmin Danya Ya Ɓace a Shagon Tura Fim: Abin da Holan Ta Riga Mu Ganewa

A ranar kasuwar Dutsin-Ma, ko a bakin tashar Kurfi, ba a rasa matashi zaune cikin ɗan shago, kwamfuta a gabansa, wayoyi jere a kan tebur suna shan caji, mutane suna miƙo masa memori yana tura musu fim. Ka ce masa Labarina, zai tambaye ka zango na nawa. Ka ce Izzar So, kafin ka rufe baki ya fara turawa. To, gwada tambayarsa Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, wanda masana suka ɗauka shi ne mafarin kasuwar fim ɗin bidiyo na Hausa. Zai ɗago kai ya dube ka kamar ka yi masa wani yare. Yaron ba shi da laifi, an haife shi bayan kaset ya bar kasuwa. Laifin na sana'ar ne gaba ɗaya, da hukumomin da ke kewaye da ita, domin shekara talatin da 'yan kai ana zuba fim kamar ruwan Agusta, ba a tanadi randar da za a tara shi ba. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, daga cikin duk abin da masana'antar fim ɗin Hausa ke kukan ta rasa, jari ne ko gidajen kallo ko kayan aiki, ma'ajiya ce kaɗai asarar da ba ta jira, kuma ita ce mafi arha a magance.

Ƙasar Holan ta dace a yi awo da ita saboda harshenta ƙarami ne a kasuwar duniya. Mutanenta kimanin miliyan 18 ne, masu jin Hausa sun ninka masu jin yarensu, kuma a gidajen sinimarsu fim ɗin Amurka ne ke cinye kasuwa, na gida yakan tashi da ɗan kaso. Ko shahararren daraktansu Paul Verhoeven, wanda fim ɗinsa Turks Fruit na 1973 ya tara 'yan kallo sama da miliyan 3, tattara kayansa ya yi ya koma Amurka, inda ya yi RoboCop a 1987. A wajen riƙon 'yan kallo ma mun fi su, don matar aure a Kurfi ba ta haɗa shirin Hausa da na kowa. Amma a dubi jerin yadda suka gina sana'ar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946, ƙasar tana cikin kangon yaƙi, aka kafa ma'ajiyar fina-finai a Amsterdam, wadda ta zama gidan tarihin fim, yau ake kiranta Eye. Asusun tallafa wa masu shirya fim sai a 1956 ya zo, makarantar koyon fim kuma a 1958. Wato rumbu suka fara kafawa kafin su faɗaɗa gona. Daga baya amfanin ya zo: Fons Rademakers ya ci kyautar Oscar a 1987 da De Aanslag, Marleen Gorris ta ci a 1996 da Antonia, Mike van Diem ya ci a 1998 da Karakter. Ba za a ce ma'ajiya ce ta ciyo musu kyautar ba, wannan zai zama ƙarin gishiri. Sai dai ɗalibin fim a can yana iya zama ya kalli aikin magabatansa daga farko har ƙarshe, ya ga inda suka dace da inda suka yi tuntuɓe, alhali namu kullum daga tushe yake farawa kamar ba a taɓa yin komai ba.

Labarin da ya fi kusa da mu a tarihin nasu shi ne na Jean Desmet. Ba malami ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗan kasuwa ne da ya fara da yawon nuna fim a wuraren bukukuwa, sannan ya buɗe gidajen sinima ya shiga hayar fina-finai. Halinsa shi ne ba ya zubar da kaya: fim, fosta, rasit, wasiƙun ciniki, duk yana tarawa. Bayan mutuwarsa iyalinsa suka miƙa tarin ga gidan tarihin fim a 1957, aka tarar da fina-finai wajen 900, yawancinsu na tsakanin 1907 da 1916, da dama babu sauran kwafinsu a ko'ina a duniya. A 2011 UNESCO ta sa tarin cikin kundin abubuwan tunawa na duniya. Haka kuma a 2003 ma'aikatan gidan suka tsinci wani fim ɗin Amurka na 1922, Beyond the Rocks, wanda Amurkawan kansu suka daɗe da cire rai da shi, a cikin gwangwanayen wani mai tara tsofaffin kaya na garin Haarlem. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san muna da irin su Desmet. Su ne tsofaffin masu hayar kaset da masu gidan kallo, waɗanda a shekarun fina-finan Sangaya da Wasila, wajen 1999 zuwa 2000, suke saro kaya daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano su kawo Dutsin-Ma, daga nan ya bazu ƙauyuka. Wasunsu sun koma sayar da waya, wasu noma, amma a ɗakin shirgi na wani ana iya samun buhu ko kwali cike da kaset, sunan fim rubuce da biro a gefe, fostar ta koɗe. Bambancinmu da Holan shi ne, da iyalin Desmet suka tashi rabuwa da kayan, akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Magajin mai hayar kaset a nan bola zai nufa, ko ya ba yara su zare zaren su yi wasa.

Mun ma riga mun ɗanɗani wannan asara a kan fim ɗin da ya fi kowanne daraja a wurinmu. Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin gwamnati, don bikin FESTAC na 1977. Fim ne na gaske a kan zaren sinima, ba bidiyo ba, duk da haka ya ɓace shekaru da dama ana jin sunansa kawai. Sai wajen 2016 aka gano zarensa cikin tarin tsofaffin gwangwanaye na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin na 2018. Abin farin ciki ne, kuma abin kunya ne a lokaci guda: Bajamushe ya kalli Shaihu Umar garau kafin jikokin waɗanda aka yi fim ɗin dominsu. Idan na gwamnati ya sha da ƙyar haka, ina ga fim ɗin da wasu samari suka haɗa da kuɗin adashi?

Kuma kaset ya fi zaren sinima rauni. Hoton da ke cikinsa ɗan maganaɗisu ne a shafe a kan leda, zafi yana cin sa, ƙurar hunturu tana karce shi, laimar damina tana sa shi fumfuna. Wanda ya buɗe tsohon kaset zai ga farin gari kamar toka a gefen zaren, in ya sa a na'ura hoton ya riƙa rawa da layi-layi, ko zaren ya manne ya tsinke. Faifan sidi da ya gaje shi bai fi shi ƙarko ba, musamman mai arha da 'yan kasuwa suka riƙa bugawa. Na'urar kunna kaset ɗin ma ta zama abin nema, domin kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a 2016. Gidan sinima ana iya gina shi baɗi ko bayan shekara goma, amma kaset ɗin 1995 da ya ruɓe bana ya tafi ke nan.

Akwai masu cewa, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, yawancin fina-finan nan kwaikwayon Indiya ne, rawa da waƙa da soyayyar da ba ta kama da tamu, me za a adana a ciki? Amsar ita ce ma'ajiya ba gasar inganci ba ce. Yawancin kayan Desmet fina-finan kasuwa ne na yayi, waɗanda masu ilmin zamaninsa suke yi wa kallon shirme. Darajarsu ta fito ne bayan an rasa sauran. Fim ɗin Hausa mafi rauni na 1998 yana ɗauke da abin da babu littafin da ya rubuta: yadda ake ɗaura ɗankwali a lokacin, jeren ɗakin amarya, irin motocin haya, Hausar da matasa ke yi kafin wayar salula, har da unguwannin da yanzu an rushe. Barkwancin Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, taska ce ga mai nazarin harshe. Kwaikwayon Indiyan shi kansa tarihi ne, shaidar abin da Bahaushe ya kalla shekara da shekaru a sinimomin Kano da Katsina, ya ɗauki wani ya watsar da wani.

Wasu kuma ta fuskar tarbiyya suke kallon abin, irin damuwar da ta sa aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, ta kuma sa aka janye shirin gina ƙauyen fim a garin Kofa a 2016. Damuwar tana da tushe, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba: malaman coci a Holan sun daɗe suna ɗari-ɗari da sinima, ƙasar ta yi tace fim na hukuma tun daga 1928 har 1977. Amma tacewa da adanawa aiki biyu ne daban. Mai tacewa yana yanke abin da za a nuna wa jama'a yau, mai ajiya yana kulle kwafi a ɗaki don mai bincike na gobe. Ko malamin da ke son kafa hujja cewa fim ya ɓata tarbiyya yana bukatar fim ɗin a hannu, in ba haka ba zancensa ya zama an ce ka ce. Hasali ma hukumomin tacewa su ne suka fi kowa damar zama ma'ajiya, tunda ta gabansu fim ke bi kafin ya shiga kasuwa, kamar yadda doka ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Sai masu cewa ai yanzu komai yana YouTube. Shago ne na wani, ba rumbunka ba. Ana rufe tasha a wayi gari komai ya tafi, abin da ake ɗorawa sau da yawa kwafin kwafi ne dushi-dushi, an yanke sunayen ma'aikata, babu shekara, babu sunan darakta, wani lokacin har sunan fim ɗin an sauya don jan 'yan kallo.

Hujja mafi nauyi ita ce ta mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma da zai ce, ana fama da 'yan bindiga da tsadar taki, wa ke ta tsohon kaset? Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai nemi a ɗebi kuɗin tsaro a kai ɗakin ajiya. Holan ta kashe fiye da yuro miliyan 100 tsakanin 2007 da 2014 wajen mayar da tsofaffin hotuna da sautukanta cikin kwamfuta, mu ba wannan ake nema ba. Abin da aikin ke bukata a matakin farko ɗaki ne mai sanyi marar laima, na'urar kaset biyu ko uku masu lafiya, ɗan akwatin da ke juya hoto zuwa kwamfuta, ma'ajiyar bayanai biyu a wurare daban, da mutum mai haƙurin rubuta suna, shekara, kamfani da 'yan wasa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da ɗalibai da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa tana Jos, kuma Jami'ar Jos tana koyar da adana fim a matakin digiri na biyu, don haka masu horarwa ba su yi nisa ba. Haƙƙin mallaka ya zauna a hannun furodusa, shi ma a ba shi kwafinsa mai kyau, domin da yawansu ba su da nasu. Jihar Katsina, da aka ɗauki Mai Martaba a garinta na Daura, fim ɗin da Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ba ta rasa hujjar shiga wannan aiki ba. Mai kaset ɗin kuwa a biya shi ɗan abin da ya dace, a kuma zauna da shi da rikoda, don shi ya san wane fim ne aka yi layi a kansa da sallar 2001, wane ne kuma ya kwanta masa a kanta har ya yi asara.