Gano Bakin Zare Idan Kwamfutoci Tsara-da-Tsara Sun Ƙi Musayar Fayil

Irin haɗin kwamfutoci da ake magana a kansa a nan shi ne wanda ba shi da uwar garke, watau babu wata babbar kwamfuta da aka keɓe don ta tsare fayilolin kowa da sunayen masu aiki. Kowace tana bayarwa, tana kuma karɓa. Saboda haka kalmar tsara-da-tsara ta dace da shi, gama a Hausa tsarar mutum shi ne wanda bai girme shi ba, shi kuwa bai girmi wancan ba. Shi ne haɗin da ya fi sauƙi ga ƙaramin ofis na sashen jami'a ko na kwalejin horon malamai, inda kwamfuta huɗu ko biyar ke tarayya kan takardun jarrabawa da muryoyin da aka ɗauko wajen bincike. Amma da yake babu shugaba a cikinsu, in abu ya ɓaci babu wuri ɗaya da za a nufa; sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'idar da suke zance da ita sunanta SMB. Barry Feigenbaum ne ya tsara ta a kamfanin IBM cikin 1983, Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa, sa'an nan cikin 1992 Andrew Tridgell na Ostareliya ya fito da Samba, wadda ta sa Linux ya iya jin wannan harshe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da taɓa izini, alhali kuwa kwamfutocin ba su ko ga juna ba tukuna. Lalle a fara daga ƙasa. Kowace kwamfuta tana da adireshi na lambobi huɗu, kamar 192.168.1.10, kuma a ƙaramin haɗi bisa al'ada lambobi uku na farko iri ɗaya ne ga duka, ta ƙarshe kaɗai ke bambanta. In aka ga wata ta fara da 169.254, to, ba ta sami adireshi daga na'urar rarraba hanya ba, ta ƙago wa kanta ne. Sai a duba waya ko Wi-Fi. In adireshi ya daidaita, a gwada umurnin ping da lambar ɗayar. Amsa tana nuna hanya a buɗe take. Shiru kuwa ba hujja ba ne, domin katangar tsaro ta Windows takan hana amsawa muddin an gaya mata haɗin na bainar jama'a ne, irin na otel. Mayar da shi na keɓe, da kunna raba fayil, shi ke buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke bi.

Sau da yawa ana cewa kwamfuta "ta ɓace" don ba ta fito a jerin maƙwabta ba. Wannan jeri abin dogara ne kaɗan. A rubuta \\192.168.1.11 a gurbin adireshi. In jakar ta buɗe, ashe laifin na suna ne, ba na hanya ba. Tsohon tsarin NetBIOS ba ya ɗaukar suna fiye da harafi 15, kuma kwamfuta biyu masu suna ɗaya sukan rikita juna.

Izini hawa biyu ne: na rabawa, da na faifan kansa, watau NTFS, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke cin nasara. Kowace kwamfuta tana da nata jerin masu aiki, don haka wajibi ne mai shiga ya ba da suna da kalmar sirri waɗanda mai jakar ya sani. Windows ba ya yarda da asusu marar kalmar sirri ta kan haɗi, kuma ba ya karɓar fiye da kwamfuta 20 a lokaci ɗaya. Akwai masu gajen haƙuri da kan buɗe wa kowa da kowa don a huta. A inda ake ajiye tambayoyin jarrabawa wannan ganganci ne. Haka nan masu sake kunna SMB ta ɗaya don wata tsohuwar na'ura ta yi aiki. Ta wannan kafa ce cutar WannaCry ta bi cikin watan Mayu na 1917 da ɗari, watau 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe masu yawa, kuma a ƙarshen shekarar Microsoft ya fara daina sa ta a sabon Windows 10.

Saura abin da ya fi shafar masu nazarin harshe, watau sunan fayil kansa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne lamba ɗaya gare shi a Unicode, kuma Samba ta karɓi Unicode tun fitowarta ta 3.0 cikin 2003, saboda haka sai a tsohon kaya ne ake ganin ƙasa ta koma alamar tambaya da asa. Alamar karin sauti ce ke da wuyar sha'ani. Wasalin à ana iya rubuta shi da lamba ɗaya, ana kuma iya rubuta shi da biyu, a da alamarsa daban. Ido ba ya bambancewa, kwamfuta kuwa tana ganin suna biyu. Tsohon tsarin faifan Mac, HFS+, yakan rarrabe su, Windows kuwa yana ajiye abin da aka buga masa yadda yake, har a ga fayil a jeri, a nema da suna, a rasa. Windows kuma ba ya yarda da alamar tambaya, ko ɗigo biyu, ko tauraro a cikin suna, abin da Linux bai hana ba, ga shi kuwa tauraro ne masana ke sa wa kalmar da aka ƙiyasta asalinta. Abin da ya fi lafiya shi ne a bar karin sauti da tauraro a cikin takardar, a ba fayil suna da rubutun yau da kullum.