Kunkurun da ya koya wa yara sarrafa kwamfuta

A 1967 ne Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro Logo, harshen bai wa kwamfuta umurni wanda ya samo asali daga Lisp. Da yaro ya rubuta AV 50, sai ɗan kunkuru ya yi taku 50 bisa allon na'ura yana jan layi. TD 90 kuwa, ya juya dama. A maimaita sau huɗu, murabba'i ya fito.

An gwada shi da ƴan lakwal a Dakar a 1982 da kwamfutocin Apple II, Faransa kuma ta baza shi a makarantunta a 1985. Jikansa Scratch kyauta ne, yana aiki ko babu intanet. Matsalar makarantun ƙauyukan Dogondutsi da Tibiri ita ce na'urar kanta, da wutar da za ta kunna ta.