Asalin Sunan Dantata: Daga Bakin Hamada Zuwa Unguwar Koki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya a Agadas, ya bi ta Dirku da Gatrun ya sauka Sabha a kudancin Libiya, ya san unguwar Tayuri, inda Buzaye da Tubawa suke zaune. A can, kafin a tambaye ka abin da ka kawo, sai an fara tambayarka kai ɗan wa ne. Buzu zai faɗi sunansa ya haɗa da "ag" wane, wato ɗan wane. Balarabe kuma ya ce shi daga Aulad Sulaiman yake, wato 'ya'yan Sulaiman. Ba tambayar gaisuwa ba ce kawai. A watan Maris na 2012, da rikici ya ɓarke a Sabha tsakanin Tubawa da Larabawa, an rasa rayuka fiye da 140, kuma Tayuri na cikin unguwannin da suka sha wuta.

Wannan al'ada ta jingina mutum da ubansa ba a hamada kaɗai take ba. A harshen mutanen Ailan da Sikotilan, "Mac" ɗa ke nan, "O" kuwa jika. MacDonald dai Ɗan Donald ne, su O'Brien kuma jikokin Brian Boru ne, sarkin Ailan da aka kashe a yaƙi a 1014.

Mu Hausawa, kamar yadda mai karatu ya sani, sunan gida da ake gada tun kaka da kakanni baƙon abu ne a wurinmu. Da sunan uba ake kiran mutum, ko sana'arsa, ko garinsu, shi ya sa muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa. To amma akwai wani suna da ya gagari wannan ƙa'ida, domin ba na uba ba ne, ba kuma na gari ba.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce ta ji da gani. Abdullahi ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro. Amarya ta tattara ta nufi ƙasar Gwanja, har ta zauna a Ankara ta Ghana a yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta ci da shi, ta sha da shi. Mutanen gari suka riƙa kiransa Ɗan Tata, sunan kuwa ya bi shi.

Da wannan suna ya shiga fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, daga baya ya gane cewa jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi ayarin jakai sauri. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Har gobe ana ba da labarin yadda a 1929, da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. A rubuce-rubucen Turawa ne da takardun ciniki Ɗan Tata ya haɗe ya zama kalma guda, Dantata, kuma da ya rasu a watan Agustan 1955, Allah Ya jiƙansa, 'ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu suka ci gaba da amsa sunan. Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Dangote, 'yar Sanusi Dantata ce.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gidan na Agalawa ne. Masana tarihin fatauci, irin su Paul Lovejoy wanda ya wallafa littafi kan cinikin goro a 1980, sun nuna cewa Agalawa da Tokarawa asalinsu daga cikin al'ummar Buzaye suke, yawanci talakawan da ke ƙarƙashin manyan Abzinawa, suka gangaro kudu suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano. Suka bar yarensu, suka kama Hausa, suka riƙe hanyar goro. Babu wanda ya nemi su kawo takardar shaidar asali. Ƙasar Hausa ta haɗiye su, yau kuwa wa zai ce Bagale ba Bakano ba ne?

A nan ne muke ganin bambanci da Tayuri. Da yawa daga Buzayen unguwar farin 1973 da na 1984 ne ya koro su ko iyayensu daga Mali da Nijar, wasu suka shiga sojan Gaddafi bisa alkawarin zama 'yan ƙasa. Tubawa kuma tasu matsalar ta tsananta bayan 1994, lokacin da kotun duniya ta bai wa Chadi yankin Auzu, aka fara kallon waɗanda aka yi wa rajista a can a matsayin baƙi. Da gwamnatin Libiya ta fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, wanda sunan gidansu ba ya cikin tsohuwar rajistar iyali sai ya tashi babu lamba, ga shi kuwa da ita ake yin fasfo, ake karɓar albashi. Yaro an haife shi a Sabha, ubansa ya yi wa ƙasar aikin soja, amma sunan kakansa ya tare masa hanya.

Mu ma nan kan iyaka muna ɗanɗana ɗan abin da ya yi kama da haka. Mutum ɗaya ne, katinsa na Kwanni ya ce Issoufou, na Illela ya ce Yusuf, jami'i kuma ya tsaya kai da fata cewa mutum biyu ne. Wanda ya taɓa kwana a shinge da mota cike da albasa saboda harafi biyu ya san zafin abin.

Alhaji Aminu Dantata, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yunin 2025, aka kai shi Madina aka binne, tawagar gwamnatin Nijeriya ta halarci jana'izar. Sunan da gidajen rediyon duniya suka yi ta maimaitawa a wancan makon, na tsohuwar nan ce ta Bebeji.