Girkin Manoman Taskani a Tsohon Masaukin Matafiya

Kudu da birnin Siyena, a yankin Taskani na ƙasar Italiya, akwai kwarin da ake kira Val d'Orcia, ƙasar tuddai da gonakin alkama da zaitun. Ta nan tsohuwar hanyar Via Francigena ta ratsa, wadda masu ziyarar ibada ke bi daga arewacin Turai zuwa birnin Rum. Sigeric, babban limamin cocin Kantabari, ya bi ta a shekarar 990, har ya rubuta zangunan da ya yada a kan hanyarsa ta komawa Ingila. Duk inda matafiya ke wucewa ba a rasa masu dafa musu abinci, kuma wasu daga cikin masaukansu na dutse har gobe tukunyarsu tana kan wuta.

Ɗaya daga cikinsu yana bakin wani ƙaramin ƙauye. Ɗakin da ake cin abinci a ciki asalinsa bargar dawakai ce, zobban ƙarfen da ake ɗaure dabbobi ma suna nan a jikin bango. Abin da za a ci ranar ana rubuta shi da alli a kan allo, kuma yana sauyawa gwargwadon abin da gona ta bayar.

Tun da hantsi uwar gidan, wadda yara ke kira Nonna, take zama gaban faifan katako tana murza taliyar da suke kira pici. Fulawa ce da ruwa da ɗan gishiri. Sai ta yanka kwaɓin sili-sili, ta murza kowane da tafin hannu har ya yi tsawo, babu biyun da kaurinsu ke zuwa ɗaya. Jikarta na gefe tana koyo. Idan nata ya tsinke, tsohuwar ba ta faɗa, sai dai ta ɗora hannunta a kan na yarinyar su murza tare.

Wannan girki ɗan talauci ne. Ɗaruruwan shekaru manoman Taskani suna noma a ƙarƙashin tsarin mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aiki, a raba amfani biyu. Nama sai ranar biki. Burodin yankin, wanda ba a sa masa gishiri, sau ɗaya ake gasa shi a mako, kuma ko ya bushe ba a zubarwa. A soya ɓarɓashinsa da man zaitun da tafarnuwa a barbaɗa kan pici, ko a jera yankansa cikin miyar farin wake da baƙin kabeji da albasa, a bar ta ta kwana, washegari a sake tafasawa. Ita ce ribollita. Wanda ya san daɗin ɗumamen tuwo da safe ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ranar Lahadi da misalin ƙarfe ɗaya ɗakin ke cika, kaka da 'ya'ya da jikoki a tebur ɗaya. Ana farawa da gasasshen burodi da aka goga wa tafarnuwa, aka kwarara masa sabon man zaitun da ake matsewa a watan Nuwamba, kore shar, mai ɗan yaji a maƙogwaro. Sai taliya, sai naman fararen shanun Chianina, waɗanda da can su ke jan garma, a gasa shi kan garwashi. A rufe da cukun madarar tumaki da zuma da ɗan kofi. Babu mai gaggawa, babu mai kawo takardar kuɗi sai an nema. Baƙo Musulmi ya kyautu ya tambaya kafin ya zaɓa, domin naman alade da giya suna shiga wasu girke-girken.

Saura kaɗan wannan rayuwa ta mutu. A shekarun 1950 da 1960 manoma suka yi ta kwarara birni neman aikin masana'antu, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar mezzadria. Gidajen gona suka zama kufai, har makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka raya wasu. Da UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, baƙi suka ƙaru.

Baƙi na kawo kuɗi, amma suna kawo jarabar sauƙaƙa aiki: a sayo taliyar inji, a dafa abin da ɗan yawon buɗe ido ya saba. Masaukin Nonna ya ƙi. Cukunsa na makiyayin maƙwabta ne, mansa daga wurin matsar zaitun na ƙauyen, wakensa daga gonar bayan gida. Kowane faranti da aka biya yana riƙe wani manomi a ƙasarsa, yana kuma ba matasan ƙauyen dalilin koyon sana'ar da iyayensu suka kusa saki.